Makarantar Farin Wata: Yadda Bahaushe Ya Koya Wa Ɗansa Karatun Sama

Jama'a, akwai wata 'yar jarrabawa da kowane magidanci a cikinmu zai iya yi a gidansa yau, ba sai ya kashe ko kwabo ba. Ya tara yaransa bayan Magariba ya tambaye su, yau nawa ga wata? Nan take za su ba shi kwanan watan Bature, don shi suke rubutawa a saman littafi kowace safiya a makaranta. To, sai ya ce musu a'a, watan sama yake nufi, su fita tsakar gida su duba su gaya masa. A nan ne ido zai raina fata. Wani yaron ma bai san ta wace kusurwa zai ɗaga kai ba.

A zamanin kakanninmu kuwa, 'yar yarinya mai tallan goro in ta dubi sama za ta ce maka wata ya kwana takwas ko tara, kuma da wuya ta yi kuskuren da ya wuce kwana guda. Ba a aji aka koya mata ba. Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bi sawun wannan ilmi, mu ga inda ya faro, da inda ya kai, da yadda aka yi sake ya sulluɓe mana, sa'an nan mu ga ko mu mazauna Karshi za mu iya maido wa 'ya'yanmu shi.

Ajin farko: tsakar gida da dandali

Kafin zuwan fitilar ƙwai, balle lantarki, wata shi ne fitilar gari. Saboda haka yaro tun bai iya tsarki ba yake jin kalmominsa a bakin manya: jinjirin wata, wata ya tsaya, wata ya raba, daren sha huɗu, farin wata, duhun wata. Kowace kalma kuwa tana da abin da take jawo masa. In farin wata ne, akwai dandali. 'Yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa, in kaka ce a yi kokawa da dambe. In duhun wata ne, sai a taru a ɗakin kaka a sha tatsuniya. Yaron da ke ɗokin dandali ba sai an ce masa ya lura da wata ba. Da kansa zai gane cewa watan da ya kwana goma yana sama tun kafin a yi Magariba, wanda ya kwana ashirin kuwa ba ya leƙowa sai mutane sun fara barci. Ko tashe da ake farawa ran goma ga azumi, a daidai lokacin da wata ya yi haske yake faɗowa.

Iyaye mata su ne manyan malaman wannan aji, don kusan duk lissafinsu da wata yake tafiya. Ciki wata tara, goyo har zuwa yaye, takaba wata huɗu da kwana goma, duk da tsayuwar wata ake ƙirga su. Su ne kuma suka riƙe sunayen watanni na gida, waɗanda suka fi na Larabci saurin zama a kan yaro. Muharram shi ne watan Cika-ciki. Rabi'ul Awwal watan Takutaha ne a Kano, watan Sallar Gani a Daura. Rajab shi ne Azumin Tsofaffi, Sha'aban Sha-ruwan Tsofaffi, sai Azumi, sai Ƙaramar Salla, sai Bawan Salla, sai Babbar Salla. Har sunayen mutane wata ya raɗa: Azumi da Ɗan'azumi, Tasalla da Sallau.

Daga wata sai ido ya zarce ga maƙwabtansa. An nuna wa yaro Zara matar wata, tauraruwar nan mai ƙyalli da ke bayyana a yamma kusa da jinjirin wata. An nuna masa Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Masana sun tabbatar cewa Zara da Gamzaki abu guda ne, wato Zuhura, wani lokaci ta biyo bayan rana da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba.

Aji na biyu: zauren malam

Da Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, sai duban wata ya tashi daga al'ada kawai ya zama aikin ibada. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 189, ya bayyana cewa jinjirayen wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin Hajji. A Suratu Yunus aya ta 5 kuma an ambaci masaukan da aka sanya wa wata domin a san adadin shekaru da lissafi. Kalandar Hijira kanta a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka tsara ta, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, daidai da 638.

Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai, a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zai tarar da ƙa'idar: a ɗauki azumi da ganin wata, a ajiye da ganin wata, in hadari ya rufe a cika talatin. In ya yi nisa ya kai Muhtasar na Shaihu Halil, sai ya tarar da magana a kan shaidu: adilai biyu, ko jama'a mai yawa da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Akwai kuma wani hukunci a wurin da ya kamata mu riƙe da kyau. In mutum biyu suka ce sun ga wata, aka yi aiki da maganarsu, aka ƙirga kwana talatin, sama tana garau amma ba a ga sabon wata ba, to, an ƙaryata shaidarsu ke nan. Kun ga ashe malaman fiƙihu ba su ɗauki kowace shaida ido rufe ba. Sun bar sama ta zama alƙali a kan mai shaida.

A biranen sarauta, in shaida ta tabbata gaban alƙali da sarki, sai a buga bindiga, a kaɗa tambari, gari ya ɗauka. Da wannan lissafi ne kuma aka rubuta tarihinmu. Malaman Sakkwato sun ajiye mana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu ran 3 ga Jimada Lahir 1232, wanda ya yi daidai da 20 ga Afrilu 1817. Wanda bai san lissafin wata ba, ko tarihin kakanninsa sai an fassara masa.

Taurari 28 da lissafin manomi

Amma fa wata yana da wani hali da manomi ba zai iya dogara da shi ba. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa wani watan yake yin 29, wani 30. In ka tara goma sha biyu za ka sami kwana 354 da 'yan awoyi, alhali shekarar rana, wadda damina ke bi, kwana 365 ce da 'yan awoyi. Ratar kwana 11 ke nan kowace shekara. Wannan rata ce ta sa azumi yake yawo, a yi shi cikin zafin bazara, bayan wasu shekaru ya faɗo cikin ɗari, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya tashi. Manomin da ya ce zai riƙa shuka duk ran da Rajab ya tsaya, to, wata shekarar a tsakiyar hunturu zai zuba irinsa.

Maganin wannan matsala shi ne lissafin taurari da malamai suka samo daga Larabawa. Hanyar da wata ke bi a sama an kasa ta gida 28, ana kiransu manazili, wato masaukai, kowane dare wata ya sauka a ɗaya. Rana ma wannan hanya take bi, sai dai ita a hankali, kowane masauki ta yi kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14. Ka buga 27 sau 13 ka ƙara 14, za ka ga 365 cif. An raba su bakwai bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Surayya, wadda take cikin na bazara, ita ce dai Kazar nan da 'ya'yanta da aka nuna wa yaro a tsakar gida.

Don kada lissafin ya ɓace, malamai suka zuba shi cikin waƙoƙin ajami, almajirai suka haddace. Wani Bature masanin adabin Hausa, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kan irin waɗannan waƙoƙi ya buga a London a 1967. Malamin ƙauye kuwa shi ne ofishin hasashen yanayi na wancan zamani. Manomi ya zo ya gaishe shi ya ce, "Allah gafarta malam, wane tauraro muke ciki?" Daga amsar ne zai san ko ruwan da aka yi na shuka ne ko na yaudara.

Malamai biyu da ya kamata yaranmu su sani

Na farko shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi. Mutumin Katsina ne, ya tafi aikin Hajji, ya zauna a ƙasashen gabas yana koyarwa yana rubutu. A 1732 ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi, wato jera lambobi a gidaje ta yadda ko ta ina ka tara jimla ɗaya za ka samu. Yana kuma da babban littafi mai suna Addurrul Manzum a kan taurari da sirrinsu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi kansa gwanin ilmin falaki ne, kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti. Ku duba fa, Bakatsine ne yake zaune cikin malaman Alƙahira ana ɗaukar karatu a wurinsa, shekaru fiye da 160 kafin Turawa su ci Kano.

Na biyu shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A watan Maris na 1824 wani Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasa, Hugh Clapperton, ya isa Sakkwato. Cikin kayan da ya nuna wa Sarkin Musulmi akwai taswirar sama. A labarin tafiyarsa shi Baturen da kansa ya rubuta cewa Bello ya san burujai duka goma sha biyu, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Wanda ya zo nuna abin mamaki, shi ya koma yana mamaki.

Shi dai wannan Sarkin Musulmi Bello ya yi rubutu na gargaɗi a kan masu rufa-ido da masu duba da taurari. Wannan ya nuna mana cewa magabata sun raba abu biyu da wasunmu ke cakuɗawa a yau. Akwai ilmin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane lokaci da alƙibla da yanayi. Akwai kuma duba, wato da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari. Uban da ya hana ɗansa na farko don tsoron na biyu, ya jefar da hatsi ne tare da ƙaiƙayi.

Yadda lissafin ya biyo mu kudu

Bahaushe bai taɓa barin lissafin watansa a gida ba in zai yi tafiya. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, madugu kuwa dole ya san yaushe farin wata zai kama, yaushe azumi zai riske su, yaushe ruwa zai cika rafuka. Duk inda aka kafa zango, daga Salaga har Kumasi, da liman ake kafa shi, kuma cikin ayyukan liman akwai riƙe kwanan wata. Haka abin yake a wannan yanki namu, inda hanyoyin fatauci suka ratsa ta Keffi da Nasarawa da tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, wadda a yau ake kira Suleja.

Karshi gari ne na Gwandara tun kafin a yi mafarkin sabon birnin tarayya. Tarihin baka ya nuna daga Kano kakanninsu suka taso, masana harshe kuma sun ce babu harshen da ya kai Gwandara kusanci da Hausa. Saboda haka masu masaukinmu 'yan'uwa ne na tun asali. Dokar da Janar Murtala Muhammed ya kafa ran 3 ga Fabrairu 1976 ta sanya garin cikin yankin birnin tarayya, da gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991 kuwa, sai jama'a suka yi ta kwararowa, Nyanya ta cika, Karu ta cika, aka gangaro Jikwoyi da Kurudu da Orozo har Karshi.

A nan akwai darasin da baƙo ya koya. Watan da ke kan Karshi shi ne wanda ke kan Kano, dare ɗaya suke cika. Amma damina ba ɗaya ba ce. A nan ruwa yakan sauka tun Afrilu ya kai Oktoba, alhali a Katsina ko Sakkwato sai wajen Yuni ake samun na shuka sosai. Wanda ya zo da lissafin Haƙa'a da Hana'a daga arewa ya ce da shi zai yi noma a nan, zai tarar maƙwabtansa Gwandara da Gbagyi doyarsu ta riga ta yi nisa. Lissafin littafi sai an gwada shi da abin da ido ya gani a wurin da ake zaune. Wannan kuwa shi ne tushen kimiyya duka.

Ranar da rana ta kama wata

Inda aka fi gane bambancin mai sani da marar sani shi ne ranar husufi. Ran 2 ga Satumba 1830 wasu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, suna garin Busa a bakin Kwara, tsohon garin da ruwan madatsar Kainji ya shanye daga baya. Da dare wata ya yi zazzaɓi. Sun ba da labarin yadda gari ya ruɗe da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe da kururuwa, don a tilasta wa rana ta saki wata. Yawancinmu mun tashi mun tarar da irin wannan, yara suna zaga gari suna bugun gwangwani.

Na yara wasa ne, amma rashin sani yakan wuce wasa. A daren 9 ga Janairu 2001 an yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin mutanen gari ne ya jawo, suka far wa otal-otal da mashaya da ƙone-ƙone. Alhali kuwa hadisi ingantacce ya nuna cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, Manzon Allah ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, abin da ake so shi ne salla da addu'a.

Bayanin abin ba shi da wuya. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. In duniya ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta faɗa masa, shi ne husufin wata, kuma ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, lokacin da ya cika. In wata ne ya shiga tsakaninmu da rana, shi ne husufin rana, ba ya faruwa sai a ƙarshen wata. Dalilin da ya sa ba a yi kowane wata shi ne hanyar wata ta ɗan karkace da kimanin digiri 5, galibi sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa. Ran 29 ga Maris 2006 da hantsi, mutanen Gusau da Katsina sun ga rana ta rufe ruf, gari ya yi duhu, mu nan yankin Abuja muka ga mafi yawanta ya rufe. Nawa ga watan sama ke nan? Ƙarshen Safar 1427. Masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, kuma ba duba suka yi ba, lissafi ne.

Yadda aka yi sake

Da Turawa suka kafa mulki, haraji da albashi da ranar shari'a duk suka koma kan kalandarsu. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da waɗanda suka biyo bayanta, da watan Bature suke buɗewa suke rufewa. A hankali kalmar wata kanta ta sauya ma'ana. Yau in ma'aikaci ya ce wata ya yi nisa, aljihunsa yake nufi, ba sama ba.

Ba a ce boko bai kawo nasa alherin ba. Littafin Ikon Allah na Dokta Rupert East da Malam Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya, ya yi wa ɗaliban da bayanin halittu da Hausa mai daɗi. A Yulin 1969 mutanen Amurka suka sauka a kan wata, tafiyar kilomita wajen 384,000, dattawa da yawa suka ce ƙarya ce. A 1999 Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, hedkwatarta tana nan Lugbe a hanyar filin jirgin sama, a Satumbar 2003 kuma aka harba tauraron ɗan Adam na farko na ƙasar nan daga Rasha. Sai dai abin takaici, ilmin ya hau sama, yaro kuwa ya daina ɗaga kai. Rediyo ya ɗauke wa mutane wahalar fita duban wata, lantarki da talabijin suka kashe dandali, wayar hannu ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

Abin da sakacin ya jawo

Wani zai ce, to mene ne a ciki, tun da Sarkin Musulmi zai yi sanarwa? Ai sanarwar a kan shaidar mutane take tsayawa. Fadar Sarkin Musulmi tana da kwamitin ganin wata na ƙasa mai tace rahotanni, amma kwamiti ba zai ƙirƙiro idanu masu horo ba, al'umma ce ke haifar su. Mun sha ganin shekarun da gari ɗaya aka yi Salla biyu, wa yana azumi ƙane yana cin tuwo, masallaci yana zargin masallaci. Sau da yawa mai cewa ya gani ba maƙaryaci ba ne. Bai dai san abin da yake nema ba, sai ya ga Zara cikin ƙura, ko ɗan siririn gajimare, ko farin layin da jirgin sama ya bari, ya rantse ya ga wata.

Wanda ya yi wata uku yana bin wata da ido ya san wasu abubuwa da ba a ruɗa shi a kansu. Jinjirin wata a yamma yake bayyana, kusa da inda rana ta faɗi, jim kaɗan bayan faɗuwarta, kuma ba ya daɗewa. Cikinsa mai haske rana yake fuskanta, ƙahoninsa suna kallon sama. Ba a tabbatar da wani ya gan shi da ƙwayar ido ba sai ya kai kimanin awa 15 da haihuwa, galibi ma sai ya haura haka sosai. In kuma an ga tsohon wata a gabas da asuba, to, ba za a ga sabo a yammacin wannan rana ba. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, ana kallonmu a matsayin masu riƙe da wannan lissafi, rikicin ganin wata ba ƙaramin zubar da girma yake jawo mana ba.

Darasin wata guda

Maido da wannan makaranta ba ya bukatar na'urar hangen nesa. Littafin rubutu guda da fensir sun isa. A sami wuri ɗaya da ake ganin yamma sosai, bakin fili ko kan tudu, mu kuwa Allah Ya hore mana tuddai, kuma bayan garinmu bai kai cikin birni hasken fitilu ba. Watannin rani sun fi dacewa, in dai ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba.

Daga daren da wata ya tsaya, kowace Magariba bayan salla yaro ya tsaya a wannan wuri, ya zana siffar wata, ya rubuta kwanansa, ya nuna inda yake daga wata bishiya ko rufin gida. Ya miƙe hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen nan kimanin digiri 10 ne. Zai ga kowane dare wata ya matsa gabas da abin da ya ɗara dunƙule ɗaya kaɗan. Zai kuma lura cewa jinjirin watanmu a kwance yake kamar ƙwarya, saɓanin na hotunan littattafan Ingila da ke tsaye a karkace, don mu mun fi su kusa da tsakiyar duniya.

Wajen dare na 7 zai ga rabin wata a tsakiyar sama. Wajen dare na 14 wata zai fito daga gabas a cike, daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan kowane dare sai ya makara da kimanin minti 50, saboda haka sai a mai da darasin bayan sallar Asuba. Wajen kwana 22 rabi ne kuma, amma ɗaya gefen. Wajen 27 ko 28 ya koma siriri a gabas, sa'an nan ya ɓace dare biyu ko uku. Kada a gaya wa yaro dalili tukuna, a bar shi ya yi ta tambaya. In wata ya ƙare, a shiga ɗaki a kashe fitilu a bar guda ɗaya, a ba shi lemo ya riƙe a gabansa ya juya a hankali. Fitila ita ce rana, lemo wata, kansa kuma duniya. Duk siffofin da ya zana zai gan su a jikin lemon. Abu ɗaya da za a ja masa kunne a kai: kada ya kuskura ya kalli rana kai tsaye, ko da ranar husufi ce, don tana makantarwa.

Kira gare mu

Shawara ga shugabannin ƙungiyarmu da malaman Islamiyyunmu ita ce, ran 29 ga kowane watan Musulunci, ba na Sha'aban da Ramalan kaɗai ba, a sami dattijo ɗaya da malamin makaranta ɗaya su fita da yara duban wata, maza da mata, a rubuta abin da aka gani da abin da ba a gani ba a littafi guda da za a ajiye a masallaci. A gayyaci 'ya'yan maƙwabta, don wata ba na ƙabila ɗaya ba ne. Dattawanmu da suka haddace taurarin nan 28 kuma a zauna da su a rubuta tun suna raye. In aka yi shekara biyu ana haka, Karshi za ta sami samari da 'yan mata waɗanda in sun ce sun gani, an gani ɗin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gani kuma ya kori ji.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.